Kurakuran da muke yi wajen auna cin hanci da alƙaluma

Duk sanda ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International ta fitar da jadawalinta na cin hanci a ƙasashen duniya, sai gardama ta kaure a majalisarmu ta Agege: "An samu sauƙi, mun hau sama!" A 2023 Najeriya ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180 da maki 25 cikin 100 (yawan maki na nufin ƙarancin cin hanci), a 2024 ta zo ta 140 da maki 26. Maki ɗaya tak ke nan. Matsayi kan motsa don wasu ƙasashe sun zame, ko da mu ba mu gusa ba. Makin za ka duba, kuma kada ka gwada shi da na kafin 2012, shekarar da aka sauya tsarin lissafin. Ka sani kuma ra'ayin masana da manyan 'yan kasuwa jadawalin yake tattarawa. Ba ya ƙirga kuɗin da ya shiga aljihun kowa.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuskuren tambaya. Na taɓa riƙe takardar bincike a kasuwar Mile 12 da ke Legas, na tari wani dattijon direba ana sauke masa kwandunan tumatir.

"Baba, ka taɓa ba da cin hanci?"

"A'uzubillahi, ɗana!"

Da na gyara baki na ce, "Daga Kano zuwa nan, shinge nawa ka ba da na goro?" sai ya ajiye kofin shayinsa ya shiga lissafi da yatsu. Da na tsaya kan amsar farko, da na rubuta ƙarya ba tare da ya yi mini ƙarya ba. Tambayi abin da ya faru cikin wata 12 da suka wuce: wa aka ba, nawa, don me. Kada ka ɗauki sunansa, kuma ka gaya masa hakan tun farko.

Sai batun kaso. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka (UNODC) na 2019 ya ce kashi 30.2 cikin 100 sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. Wannan kason na waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati ne kaɗai, amma sai ka ji ana cewa na 'yan Najeriya duka.

Binciken ya ƙiyasta naira biliyan 675 aka bayar a matsayin cin hanci a 2019, na 2023 kuma ya ce biliyan 721. Kafin ka ce abin ya ƙaru, cire hauhawar farashi daga ciki. Ka tuna nawa ka sayi buhun shinkafa a 2019, nawa kuma ka saye shi a 2023.