Yadda Ake Fassara Katin Takubba Biyu a Kartar Tarot

Tarot karta ce mai kati 78. A arewacin Italiya aka fara buga ta, a ƙarni na 15, a gidajen sarauta irin na Milan, kuma wasa kawai ake yi da ita. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa, irin su Etteilla, suka mayar da ita kayan duba. Ni dai a wurina takarda da tawada ba su san gaibu ba, kuma hukuncin duba a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Amma wanda ya ci karo da hoton katin Takubba Biyu a intanet zai so ya san abin da masu harkar ke nufi da shi. Ga yadda suke bi.

Da farko ka tantance wace karta ce a gabanka. A tsohuwar kartar Marseille ta Faransa, takubba ne biyu lanƙwasassu da fure a tsakaninsu, babu mutum. Hoton da aka fi sani ya fito ne a kartar da aka buga a Landan a 1909, wadda Pamela Colman Smith ta zana bisa umarnin Arthur Edward Waite. Da wannan kartar za mu yi aiki.

Na biyu, ka san dangin katin. A cikin katunan 78, guda 56 da ake kira ƙananan katuna sun kasu gida huɗu: takubba, kofuna, sanduna da tsabar kuɗi. Gidan takubba shi ne na tunani, gardama da yanke hukunci. Lamba biyu kuma tana nuna abu biyu da suka yi kunnen doki.

Na uku, a nan aikin yake: ka zuba wa hoton ido. Mace ce zaune a kan dakali, sanye da farar riga, an ɗaure mata idanu da ƙyalle. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, kowane hannu da doguwar takobi. Ta ba teku baya, ga duwatsu sun leƙo daga ruwan, ga jinjirin wata a sama. Masu fassara kan ce tekun shi ne abin da ke cin ranta wanda ta ƙi waiwaya, hannuwan kuma garkuwa ta yi wa zuciyarta da su.

Sai ka lura da abin da mutane da yawa ke tsallakewa: babu igiya a jikinta. A katin Takubba Takwas ma akwai mace mai rufaffun idanu, amma ita an ɗaure ta tamau. Wannan kuwa da kanta za ta iya kwance ƙyallen, sai dai dole ta fara ajiye takobi ɗaya, kuma abin da ta ƙi yi ke nan. Shi ya sa nake ganin kiran abin "ruwan ido" bai cika ba. Mai ruwan ido yana kallon kaya ne ya kasa zaɓa. Ita wannan ta ƙi kallon ma gaba ɗaya, don ta san duk wanda ta ɗauka akwai abin da za ta rasa.

Na huɗu, ka duba yadda katin ya faɗo. Idan a tsaye ne, ana fassara shi da tsaka mai wuya, jan ƙafa, ko sulhun wucin gadi tsakanin mutum biyu da ba su huce ba. Idan a juye ne, bakin masu fassara bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce ƙyallen ya faɗi, lokacin yanke shawara ya yi. Wasu sun ce ruɗani ne ya ƙaru saboda yawan jin ta bakin mutane. Waite shi kansa yaudara da rashin amana ya danganta shi da su.

Daga ƙarshe sukan duba gurbinsa da maƙwabtansa. A shimfiɗar kati uku, wato jiya, yau da gobe, idan ya zauna a tsakiya sai su ce mai tambayar yana cikin kai-komon ne yanzu haka. Idan kuma Takubba Uku ya biyo shi, wanda hotonsa zuciya ce da takubba uku suka soke a cikin ruwan sama, sai su ce jinkirin ba zai hana ɓacin ran da ake gudu ba.