Babi na Biyar: Awon Damtsen Yaro da Abincin Tamowa

Darasi na ɗaya: Sanin tef

Kowace ta ɗauko tef ɗin da aka raba mata, ta shimfiɗa shi a kan cinyarta. Kada a naɗe shi tukuna. Ku duba, yana da kai mai faɗi da wutsiya siririya. A jikin kan akwai 'yar tsaga, nan ake zura wutsiyar. Akwai kuma 'yar taga, da kibiya tana nuna cikinta. Ku ɗora yatsa a kan kibiyar. Wadda ba ta gan ta ba ta tambayi ta kusa da ita, babu kunya a ajinmu.

Launi uku ne a jikinsa: ja, rawaya, kore. Inda ja ya ƙare an rubuta 11.5. Ɗigon da ke tsakani ba datti ba ne, kada a kankare shi, ana karanta lambar "sha ɗaya da rabi". Inda rawaya ta ƙare an rubuta 12.5, wato sha biyu da rabi. A wani tef ɗin za ku ga 115 da 125 babu ɗigo, duk abu ɗaya ne.

Wannan awo na yaro ne daga wata 6 zuwa shekara 5. Wanda bai kai wata 6 ba, nono zalla ne abincinsa, ko ruwa ba a ba shi, kuma idan ya rame asibiti ake kai shi kai tsaye.

Idan lambobin sun yi miki nauyi, riƙe launin kawai. A Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta koya wa iyaye mata wannan awo, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, kuma awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Ke ma za ki iya.

Darasi na biyu: Yadda ake awo

Zaunar da yaro a cinyarki, ki cire masa riga. Hannun hagu ake aunawa. Lanƙwasa hannun, ki taɓa ƙashin kafaɗa da yatsa ɗaya, ki taɓa tsinin gwiwar hannu da ɗaya yatsan. Tsakiyar wuraren nan biyu, nan ne wurin awo. Sa alama da biro ko gawayi. Yanzu saki hannun ya miƙe ya sauka gefen jiki.

Zagaya damtsen da tef a kan alamar, ki zura wutsiyar cikin tsagar, ki ja a hankali.

To, ku tsaya nan. A nan ne kusan kowa take tuntuɓe. Kada ki matse, kada ki saki. Tef ya kwanta a kan fata ta kowane gefe, shi ke nan. Ku tuna tela in yana auna hannun riga, ba ya shaƙe mutum, ba ya kuma barin tef yana lilo. Idan kin ga fatar yaro ta tattare ko naman ya kumburo a gefen tef, kin matse. Sassauta. Idan kina hango haske tsakanin tef da fata, ko tef yana zamewa ƙasa da kansa, kin saki. Ƙara ja kaɗan.

Me ya sa nake nanata wannan? Tsakanin ja da kore santimita ɗaya ne tak, faɗin farcen ƙaramin yatsa. Matsi kaɗan zai mai da lafiyayyen yaro ja, ki tashi hankalin gida a banza. Saki kaɗan kuma zai mai da yaro mai tamowa kore, ki koma ki kwanta alhali yana ƙarewa. Wannan na biyun shi ne abin da nake tsoro.

Sake yi. Kwance tef gaba ɗaya, ki fara daga kafaɗa. Hannu a miƙe. Kada ki matse, kada ki saki. Sai bayan tef ya zauna daidai za ki duba taga. Launin da kibiya ta nuna shi kaɗai ne naki, ba launin da ya fi yawa a wutsiya ba.

Yanzu ku yi biyu-biyu, ɗaya ta auna, ɗaya ta duba fata. Madalla, haka ake yi. Wadda yaronta yake kuka yana ƙanƙame hannu ta dakata, ta ba shi nono ya huce, don hannun da aka ƙanƙame ba ya ba da awon gaskiya.

Akwai abin da na lura da shi, kuma ba zan yi shiru ba. Wasu suna sassauta tef da gangan don ya kai kore, wai kada kishiya ko uwar miji ta ce ba su iya reno ba. Wasu kuma suna matsewa don a rubuta yaro cikin masu karɓar abinci. Haba, 'yan uwa! Wa kike yaudara? Tamowa ba abin kunya ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Ki auna tsakaninki da Allah: kada ki matse, kada ki saki. A yi awon nan aƙalla sau ɗaya kowane wata, da kuma duk lokacin da yaro ya tashi daga gudawa, ƙyanda ko zazzaɓi.

Darasi na uku: Ƙafa da launi

Bayan damtse, duba ƙafa. Danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ki ɗaga. Idan rami ya zauna a duka ƙafafun, ruwa ne, ba ƙiba ba. Ko da tef ya nuna kore, yau ɗin nan za a kai shi asibiti.

Ja ma yau, ba sai ranar kasuwa ba. Rawaya, a kai shi ma'aikaciyar lafiya ta gani cikin 'yan kwanaki, a kuma gyara abincinsa. Kore, alhamdu lillahi, a ci gaba.

Darasi na huɗu: Abincin tamowa

Yaron da ya faɗa ja, in yana iya cin abinci kuma babu wani ciwo mai tsanani, ba a kwantar da shi. Ana ba ki abinci na leda ki tafi gida, ki riƙa dawo da shi awo ranar da aka sa miki. Wani sunan abincin Plumpy'Nut. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar 2005 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun warkar da dubban yara da shi a Maraɗi. Kowace leda giram 92 ce: gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki.

Wanke hannu, ki yaga bakin ledar, yaro ya tsotsa. Ba a dama shi da ruwa, ba a zuba shi a kunu. Nono da farko, sannan leda, sannan ruwa mai tsabta a kofi. Adadin da aka ce a ba shi a rana, shi za a ba shi.

Magani ne, na yaro ɗaya. Ba na yayyensa ba ne, ba na shafa wa burodi ba ne, ba na tallan ƙofar gida ba ne. Wadda ta sayar da shi, ran ɗanta ta kai kasuwa.

Darasi na biyar: Kunun Tom Brown

Gero, dawa ko masara awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1, duk a auna da kwano ɗaya. A jiƙa waken, a cire ɓawo, a shanya. A soya kowanne daban ba tare da mai ba, a haɗa a niƙa. A dama da kauri, wanda ba ya tsiyaya daga cokali.

Darasi na shida: Bitamin A

Duk bayan wata 6 ana ɗiga wa yaro a baki, daga wata 6 zuwa shekara 5. A tafi da katin rigakafi.