Tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi? A duba saitin diski kafin a goge komai

A shagunan buga takardu na Garwa da Marwa da Njamena, sau da yawa tsohuwar Dell ko HP kan wayi gari ta ƙi tashi alhali diskinta lafiya lau, saitin BIOS, wato manhajar da ke tada injin kafin Windows, shi ne kawai ya gushe. Abin takaici, mai gyara kan yi gaggawar goge diskin, takardun mutane su salwanta a banza.

Da ka kunna, yi ta danna F2 idan Dell ce, F10 idan HP ce, wasu kuma Del, har ka shiga BIOS. Fara duba kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, batirin da ke riƙe saitin ya mutu: ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Muddin mataccen batir ne a ciki, duk ɗaukewar wuta sai injin ya manta abin da aka saita masa. Cire wayar wuta, canza shi, sannan ka ci gaba.

Sai wurin da aka rubuta SATA Mode ko SATA Operation, inda ake zaɓen yadda injin zai yi magana da diski: IDE, tsohuwar hanya, ko AHCI, sabuwa. Nan ne aka fi shan wahala. Windows da aka ɗora a kan IDE ba zai tashi a kan AHCI ba, haka ma akasin haka: alamar Windows za ta fito, allo ya yi shuɗi da lamba 0x0000007B, injin ya sake kunna kansa. Windows XP ma bai zo da direban AHCI ba sam, wato manhajar da ke sa ya iya aiki da shi. Juya saitin zuwa ɗayan, ka ajiye, ka gwada. Wannan ba ya taɓa ko fayil ɗaya. A Dell, IDE ɗin kan fito da sunan ATA.

Idan kuwa saƙon No bootable device ne, mayar da diskin kan gaba a jerin Boot, wato jerin wuraren da injin ke neman Windows, ka zare duk filashin da ke maƙale.

BIOS bai nuna sunan diskin ba ko kaɗan? Buɗe murfi, hure ƙurar hunturu, zare wayoyin diskin biyu ka mayar da su daram. Tsohon diski mai faffaɗar waya da fil 40 yana da ɗan roba a bayansa mai zaɓen Master (na farko) ko Slave (na biyu). Diski biyu a waya ɗaya duk a kan Master, injin zai rikice. Layin nan mai launin ja a gefen wayar yana fuskantar fil na 1.

Amma in ka ji diskin yana ƙwas-ƙwas, kashe nan take. Wannan ba saiti ba ne, kuma kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi.