Abin da Za Ki Yi Idan Kin Ji Warin Gas a Kicin

Gas ɗin girki, wanda haɗin propane ne da butane, ba ya kama wuta sai ya cakuɗu da iska daidai gwargwado. Yakan kama idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa wajen kashi 9 ko 10. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka kuma iskar da wuta ke ci ta yi ƙaranci. Kashi 2 ɗin nan ba shi da wani yawa: a ɗan kicin mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, tsayin mita 2.5, gas da bai kai rabin kilo ba ya isa, alhali tukunyar gas ta gida kan ɗauki kilo 12.5.

Da farko, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa. Ashana, laita, tayar da janareta, duk a dakata, waya ma a fita waje da ita.

Sai ki rufe gas daga kan tukunya, ki fitar da yara.

Kafin ki buɗe ƙofa da tagogi, duba tsakar gida: akwai murhun gawayi ko kaskon turaren wuta? A kashe su tukuna. Nan ne mutane ke yin kuskure. Ɗakin da gas ya cika maƙil yana iya wuce kashi 10, amma da zarar iska ta shigo, sai ya riƙa raguwa, kuma dole ya ratsa tsakanin 10 da 2 kafin ya kai inda babu haɗari. Lokacin shan iskar ne ya fi ban tsoro. Kada ki kunna fanka wai don ta taimaka.

Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da ƙarƙashin kabad. Don haka ƙofa ta fi tagar sama amfani, kuma rashin jin wari a tsaye ba shaida ba ce. Sunkuya ki shinshina.

Bayan warin ya gushe, ki fitar da tukunyar fili, ki shafa kumfar sabulu a bakinta, da regileta, da tiyo. Inda kumfa ke kumbura, nan yake yoyo. Tiyon da ya tsage a sauya shi, ba a ɗaure shi da leda ko roba. Idan tukunyar ce da kanta ke huci, a bar ta a fili nesa da wuta, a kira 'yan kwana-kwana.