Yadda nake shirya gidan ƙasa da iyalina kafin marka ta kama

Mu da ke zaune a kwarin kogin Haɗeja, damina ba alheri kaɗai take zuwar mana da shi ba. Tana kawo gero da shinkafa, tana kuma kawo zazzaɓi, da amai da gudawa, da faɗuwar katanga. Mahaifina magini ne, na taso ina miƙa masa tubali, kuma abin da na fahimta tun lokacin shi ne waɗannan masifu uku tushensu ɗaya: ruwan da ya shigo gida bai sami hanyar fita ba. Shi ke jiƙa gindin bango, a cikinsa sauro ke ƙyanƙyasa, shi ne kuma ke kwaso ƙazantar masai ya kai rijiya. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan ba wa ruwa hanya yake.

Aikin na bazara ne, tun Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da rana ke busar da yaɓe cikin 'yan kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗowa, ruwan farko zai wanke masa ɗanyen yaɓe, ya yi asarar ƙasa da kuɗin magini.

Daga sama nake farawa. In ɗakinka soro ne, hau da sassafe, ka cire takalmi, ka taka ko'ina a hankali. Tafin ƙafa yana jin inda rufi ya yi taushi ko ya lotsa kafin ido ya gani. Duk tsagar da ka samu, kada ka shafa mata ƙasa a kai kawai. Kankare ta tukuna, ka buɗe bakinta, ka yayyafa ruwa, sannan ka cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka haɗa da ramno aka bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. In ta bushe sai a bi ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke shafawa don ruwa ya zame. Akwai wata al'ada da nake roƙon mutane su bari, wato ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa duk shekara ba tare da an rage ba. Rufin yana ta ƙara nauyi, azara kuwa tana ta tsufa. Ranar da marka ta jiƙa wannan tulin ƙasa, a kan masu barci yake saukowa.

Sauko ka shiga ɗakin da sanda, ka ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, musamman inda kanta ya shiga bango. Lafiyayyar azarar giginya amonta a tsaye yake. Wadda gara ta cinye cikinta za ka ji ta fanko, wani lokaci har gari ya zubo maka a fuska. Irin wannan ba ta da gyara sai canji, in kuwa babu hali bana, a kafa mata ginshiƙi na itace mai ƙarfi, kuma kada yara su kwana a ɗakin.

Indararo ƙaramin abu ne amma shi ke kashe yawancin katangun da na gani sun faɗi. Ko ya toshe da sheƙar tsuntsu da leda ruwa ya taru a kan soro, ko ya yi gajere yana tsiyaya a jikin bango. Share shi, ka tabbatar ya fito sosai, ka duba inda ya haɗu da rawanin soro ko akwai kafa. A ƙasa, inda ruwansa ke sauka, a jera fasassun duwatsu ko a ajiye rabin duro, don kada ya haƙa rami ya riƙa fantsama wa bango. Masu rufin kwano aikinsu ya fi sauƙi: a sake buga ƙusoshin da suka ɗago, a liƙe hudoji da kwalta, a ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini, domin iskar farkon damina ba ta barin kwanon da aka ɗora sakaka.

Sai gindin bango. Gidan ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. In ka ga wurin ya zaizaye ya yi ciki, ko yana fitar da farin gishiri, cike shi, ka yi masa ɗan dakali mai gangare zuwa waje a duk tsawonsa. Mutane da yawa yanzu suna yi wa bangon ƙasa filastar siminti suna ganin sun huta. Ni ban cika yarda da shi ba, sai in an buga waya an kama shi da kyau. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Yana ɗagowa ta ciki, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, daga waje kana ganin bango sumul alhali cikinsa ya jiƙe. Buga shi da tafin hannu, in ka ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa, fasa wurin ka gyara. Ginin ƙasa yana daɗewa in ana kula da shi, amma ruwan yanzu ba ya ragawa: a Satumbar 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari a tsaye, ruwan sama ne ya kayar da shi.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kada ka zauna a ɗaki. Ɗauki laima ko buhu ka fita tsakar gida ka kalli yadda ruwa ke tafiya. Duk inda ya kwanta, soka tsinke. Washegari ka cike wuraren da birji, ka ja 'yar kwata zuwa rariya, ka faɗaɗa rariyar in ta yi ƙanƙanta. Amma ruwan da ka fitar daga gidanka ƙofar maƙwabci yake zuwa, shi ya sa wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. A unguwarmu mukan je wa mai unguwa, ya sa rana, a yi gayya a yashe magudana tun daga masallaci har kududdufi. Abin da ake fitarwa kusan duk leda ce. Kuma ina jin takaicin yadda ake cike kududdufai ana yanka filaye; daga nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini, nan ne kuma ruwan gari ke zuwa ya kwanta. In an toshe shi, ɗakunan mutane zai nema.

Rumbu a ɗaga shi a kan duwatsu, a sabunta jinkarsa. Iri da taki kada su kwana a ƙasa. Takardun gona, katin asibiti da na zaɓe, mai ɗakina takan naɗe su a leda ta sa a bokitin fenti mai murfi, ta rataye a sama.

To, sauro. Mai kawo zazzaɓi ba sai a ƙazamar kwata yake haihuwa ba; ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun shanu, a tsohuwar taya, a fasasshen tulu ko kaskon kaji ya ishe shi, kuma cikin kamar kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. Saboda haka duk mako a zagaya a kifar da abin da ya tara ruwa. Gidan sauro mai magani in sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, kada a sa shi a rana. In za a wanke, sabulu mai sauƙi, a inuwa kuma za a shanya. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke hudar da ta fito ko da ƙarama ce. Ina ganin gidajen da suka mayar da shi shingen lambu ko rufin 'yan tsaki, yaransu kuwa na kwana a fili. Wannan yana ci mini rai.

Daga wajen Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya na bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Su ke ba da na ranar farko a gabanka, su bar wa uwa na kwana biyu. Waɗannan biyun ne ake yawan mantawa, kuma in ba a cika su ba kariyar ba ta cika ba. Mu a jikin ƙofa muke zana layi da gawayi, an ba yaro a goge ɗaya. Mai juna biyu ita ma tana da nata da ake ba ta wajen awo da zarar ciki ya wuce wata uku. Maigida ya bar ta ta je, in da hali ya kai ta da kansa.

In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a yi gwajin jini na yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko maleriya ce. Farasitamol yana sauke zafi ne kawai, ba ya kashe cutar. In an ba da maganin kwana uku, safe da yamma, a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, a kuma ba shi bayan ya ci abinci ko ya sha nono. Amma yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya fara taune-taune, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko ba ya farkawa sosai, wannan ba na kemis ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba. In yana jijjiga a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, a nemi babur. Shi ya sa tun bazara nake ware kuɗin mai, na kuma riƙe lambar ɗan acaɓa biyu da na san za su ɗauka cikin dare.

Ruwan sha shi ne inda na fi tsanantawa. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Jigawa, Kano da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma kada ya kasance ta saman gangare. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, guga ya sami maratayi maimakon a yar da shi a taɓo. Alif yana kwantar da laka ne, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan an sa shi sai a tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka, ko a sa maganin tsaftace ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Randa da faifai a rufe, moɗa ɗaya ta ɗiba, ba a sha da ita. A ƙofar masai a ajiye buta da sabulu, in babu sabulu ko toka ce.

Duk wanda ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, kafin ma a yi shawarar asibiti. Na leda da ake sayarwa ya fi, a sayi 'yan ƙwarori a ajiye. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato ledar fiya-wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokalin. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki, yana da haɗari ga yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Uwa ta ci gaba da ba da nono, a nemi ƙwayar zinc ta yara a ba shi kwana 10 zuwa 14. In bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya. Kwalara na iya kashe babban mutum a cikin wuni guda.

In Agusta ta shigo aka kwana biyu ana marka, duk dare kafin in kwanta nakan zagaya da tocila. Abin da nake nema: sabuwar tsaga, danshin da ya hau bango ya wuce gwiwa, ƙasa na zubowa daga rufi, ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi. In na ga ɗaya daga ciki, kowa ya fito, ko da a rumfa za a kwana. Tsofaffi su ne masu wuyar fitarwa. Mahaifiyata takan ce, "Nan na haife ku, ba inda za ni." Ba na musu da ita, sai in ce, "Inna, jikokinki sun ce ba za su kwanta ba sai da ke," sai ta tashi.

Mu na bakin kogi muna da ƙarin abin lura. Ruwan madatsar Tiga da na Challawa duk ta kanmu yake bi, ga kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, don haka kogi na iya cika ko ba a yi ruwa a garinmu ba. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuma ta sha wuya ƙwarai. A Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. Saboda haka rediyo ya zauna da batir, a saurari gargaɗin NiMet, hukumar hasashen yanayi, da na hukumar agajin gaggawa, a kafa sanda mai alama a bakin ruwa a riƙa dubawa safe da yamma. Iyali su san tun yanzu tudun da za a nufa, da wanda zai ɗauki wane yaro, da wanda zai kwance dabbobi. Buhunan yashi a cika su kafin a buƙace su. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a ratsa shi da goyo, kuma kwale-kwalen da aka cika maƙil ba a shigarsa ko da shi ne na ƙarshe.

Bayan ruwa ya janye kada a yi gaggawar komawa ɗaki. Bangon da ya sha ruwa yakan faɗi lokacin da yake bushewa. A buɗe ƙofofi da tagogi ya sha iska, magini ya duba tukuna. A ɗaga kaya da sanda, ba da hannu ba, domin macizai ma tudu suka nema, cikin itacen girki da ƙarƙashin rumbu. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; a cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, a kwashe ruwanta, a yashe ta, a nemi ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma ya sa mata sinadarin kulorin, kuma har sai an yi hakan, ko ruwan wanke kwanon yaro a tafasa shi.