Yadda Ake Gane Kuskuren Bugu a Gefen Tsabar Kuɗi

Kafin mutum ya yanke hukunci a kan wata alama da ya gani a gefen kwandala, ya kamata ya san yadda gefen yake samuwa. A ma'aikatar buga kuɗi ana yanko faifan ƙarfe, a matse bakinsa ya ɗan taso, sannan a sa shi cikin wani zoben ƙarfe, hatimi biyu su buge shi sama da ƙasa. Ƙarfin bugun ne yake tura ƙarfen ya cika zoben, don haka idan zoben yana da tsage, gefen kwandalar zai fito da tsage. Duk alamar da aikin ma'aikatar ba zai iya haifarwa ba, to bayan fitowar kuɗin ta same shi.

Da farko a nemo wata kwandala lafiyayya mai daraja ɗaya da shekara ɗaya, a jera su, domin abubuwa da yawa da ake ɗauka kuskure da gangan aka yi su. Sule da fataka na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1938 suna da kwari a tsakiyar gefensu, kuma an yi shi ne don wahalar da masu buga jabu. Haka santi 20 na Yuro yake da loɓa guda 7 a bakinsa. Jan layin da ke gefen kwata ta Amurka, wato kwandalar santi 25, kuwa jan ƙarfen da ke cikinta ne, wanda ake lulluɓewa tun daga 1965.

Daga nan sai awo, kuma a ganina nan ne gaskiya take fitowa. A auna nauyi a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, a kuma auna faɗi. Kwata ta Amurka, alal misali, giram 5.67 ce, faɗinta milimita 24.26. Idan nauyi ya yi daidai amma faɗi ya ƙaru, gefen kuma ya fito sumul babu tsage, alama ce an buga ta zoben bai kama ta ba, ƙarfen ya bazu. Idan zoben ya kama rabin kaurin ne kawai, za a ga tsage a rabi, ɗaya rabin kuma ya turo waje kamar matakala. Amma kwandalar da ta rage faɗi, bakinta ya yi kauri, bubbuga ta aka yi ko kuma ta daɗe tana juyawa a cikin wani inji, wadda ta rage nauyi kuma tana iya zama an goge ta da magagari, sai a nemi kurjin da gilashin ƙara girma.

Idan wani ɓangare na bakin ya guntule, a duba ɓangaren da ke fuskantarsa kai tsaye. Guntulewar da ta faru tun wajen yanko faifan takan bar bakin wancan ɓangaren da rauni, saboda injin matse baki bai sami abin tokarawa ba. Wadda aka yanke da almakashin ƙarfe ba ta da wannan shaida.

Rubutun gefe yana bukatar kulawa ta musamman, domin sau da yawa wani inji daban ne yake yin sa. A 2007 dalolin Amurka masu hoton George Washington da yawa sun fita ba su bi ta wannan inji ba, suka rasa shekara da kirarin ƙasa da ake rubutawa a gefensu gaba ɗaya, wasu masu hoton John Adams kuma suka bi sau biyu, rubutun ya hau kan juna. Waɗannan kurakurai ne na gaskiya. Rubutun da ya juya ƙasa a gefen fam biyu na Birtaniya kuwa ba kuskure ba ne, tun da ana yin rubutun kafin bugu, faifan kuma yana faɗawa ta kowace fuska. Abin takaici ne ganin yadda ake tsawwala wa irin wannan farashi a kasuwannin intanet.

Idan kwandala ta tsallake duk wannan bincike, kada a wanke ta, kada a goge ta da toka ko lemun tsami, domin gogewa tana share shaidar da masani zai dogara da ita. A sa ta a ƙaramar ambulan ita kaɗai, a ɗauki hoton gefen ta kowane ɓangare, a rubuta nauyi da faɗi, sannan a kai wa masanin tsofaffin kuɗi ya tantance.