Yadda za ka samu barcin awa bakwai kafin kiran asuba

Wani kawuna a Jega, mai sayar da shinkafa, ya daɗe yana alfahari cewa barcin awa huɗu ya ishe shi. Bara da aka auna shi a asibiti, sai ga hawan jini, sukari ma ya fara hawa. Ba zan ce rashin barci kaɗai ya jawo masa ba, amma yana cikin abin da likita ya fara tambayarsa.

Idan mutum ya yi barci, jininsa yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta huta. Mai yanke barci kullum yana hana ta wannan hutu shekara da shekaru. Jiki kuma ya rage amsa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yunwa ta ƙaru, ƙiba ta biyo baya. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa barcin awa 7 zuwa 9 cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su.

Da farko, ka ƙirga daga asuba ka dawo baya. Idan ladan yana kira wajen ƙarfe 5, to ƙarfe 10 ya same ka a shimfiɗa. Nan ne wahalar take, domin a lokacin ne hirar majalisa ke daɗi, ga iska ta fara kaɗawa. Kada ka yanke ta rana ɗaya, ba za ka ɗore ba. Ka riƙa tashi daga majalisa minti 15 kafin lokacin da ka saba, bayan kwana uku ka ƙara wasu 15. Abokai za su tsokane ka kwana biyu, su saba.

Na biyu, goro da shayi su tsaya a la'asar. Dukansu suna da sinadarin kafin mai hana barci, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa yana nan a jini. Wanda ya sha shayi mai kauri wajen mai shayi ƙarfe 9 na dare, ko ya rufe ido, barcin ba ya nauyi.

Na uku, ka ajiye waya nesa da matashin kai.

Sai maganar zafi. A Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano ya kwana yana huci. Ka yayyafa ruwa a tsakar gida da magariba, ka watsa ruwa a jiki kafin kwanciya, idan waje za ka kwana ka ɗaura gidan sauro ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa.

Ranar da dare bai cika ba, ƙailular minti 20 zuwa 30 da tsakar rana tana taimakawa. Kada ta kai yamma, za ta cinye barcin dare.

Idan kuwa kana cika awa bakwai amma ka tashi a gajiye da ciwon kai, ka tambayi iyalinka ko kana minshari har numfashinka ya ɗauke, ka farka kamar an shaƙe ka. Wannan ciwo ne, kuma yana tafiya da hawan jini. Ka je asibiti ka faɗa wa likita, a auna jininka da sukari tun ranar.